Tambaya da Amsa: Ƙarasa Aikin Tsohuwar Akori-kura Bayan An Ɗora Mata Injin Zamani

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu daga masu karatu da suka ɗauki ɗawainiyar farfaɗo da tsohuwar akori-kura, suka kuma zo gaɓar da aiki ya fi gajiyar da mai shi, wato lokacin da mota ta yi kama da wadda aka gama alhali da sauran rina a kaba. Wasiƙar farko ce ta fi cin wuri, domin abin da ke cikinta ya shafi sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da akori-kura ƙirar Chevrolet C10 ta 1969 wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma shekara huɗu ke nan ina aikinta a duk lokacin da na samu sarari. An yanke wuraren da tsatsa ta ci an yi musu walda, an wanke shasi an fente shi, sannan na sauke tsohon injinta mai silinda shida na ɗora mata mai lita 5.3 da na ciro daga Silverado ta 2001, haɗe da giyabos ɗinsa 4L60E da wayoyinsa da kwamfutarsa. Damuwata ita ce, idan na murɗa makulli injin yana tashi lafiya lau, amma ba ya wuce daƙiƙa biyu sai ya mutu. Bayan haka, na ƙosa in kai ta wurin mai fenti, domin na gaji da ganinta da launin toka na fentin share fage. Mene ne ke kashe injin, kuma me ya rage mini kafin in ce na gama?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya kuma sa ka ga ƙarshen wannan aiki da alheri. Bari in fara da abin da ke kashe injin, domin shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da ke gabanka.

Injin da ka ɗora, wanda kamfanin General Motors ya sa wa lamba LM7, ɗan gidan injunan da ake kira LS ne, waɗanda suka fara fitowa a cikin Corvette a 1997, aka kuma soma sa su a manyan akori-kura a 1999. Kwamfutarsa, wadda makanikai ke kira birenbos, an tsara ta ne ta jira wata alama daga na'urar hana sata ta motar da aka ciro ta. Idan alamar ba ta zo ba, kwamfutar tana barin inji ya tashi, sannan ta datse wa injektoci, masu fesa fetur cikin inji, wuta bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda shi ne daidai abin da ka kwatanta. Tun da motarka ta 1969 ba ta da wannan na'ura, alamar ba za ta taɓa zuwa ba, sai an kai kwamfutar wurin wanda ke da kayan sake mata tsari ya kashe wannan sashe da ake kira VATS. Idan za ka kai, ka tafi da girman tayarka da lissafin giyar aksul ɗin baya, domin a shigar da su a zama ɗaya, a kuma daidaita ma'aunin zafin da fankar lantarki za ta riƙa tashi a kansa idan irinta za ka sa.

Sai dai kafin ka ɗora laifin duka a kan kwamfuta, ka tabbatar da ido. A jikin bututun da ke raba wa injektoci fetur akwai wani ɗan bawul mai kama da na taya. Ka ɗaura masa agogon auna ƙarfin fetur, ka tayar da inji kana kallon allura. Idan allurar ta tsaya wajen psi 58 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne) lokacin da aka buɗe makulli, ba ta kuma zube ba har injin ya mutu, to fetur yana zuwa, kwamfuta ce ta hana shi shiga. Idan kuwa allurar ta faɗi kafin injin ya mutu, matsalar tana ga famfon fetur: kwamfutar tana kunna shi na daƙiƙa biyu da zarar an buɗe makulli domin ya cika bututu, kuma idan an yi kuskure wajen haɗa rile ɗinsa, wannan cikar farko ce kaɗai injin zai ƙona ya tsaya. Alamomin biyu sun yi kama ƙwarai a kunne, shi ya sa nake nace wa agogon.

Yanzu ga batun fenti, kuma a nan zan ba ka shawarar da na san ba ita zuciyarka ke so ba. Kada ka kai motar nan wurin mai fenti sai ka yi tafiyar kilomita ɗari biyar aƙalla da ita a yadda take. Dalili shi ne, a cikin makonnin farko za ka buɗe bonet ka rufe fiye da yadda za ka iya ƙirgawa, za ka jingina da fenda riƙe da sifana, za ka huda sabon rami a bangon da ke tsakanin inji da mazauni domin wata waya da ka manta da ita, kuma mai yiwuwa ka sauke akorin gaba ɗaya domin aikin tanki. Man birki kaɗai, idan ya ɗiga a kan sabon fenti, yana cinye shi. Na sha ganin motar da aka kashe wa dukiya wajen fenti, bayan wata ɗaya aka dawo ana walda a gefenta an lulluɓe ta da barguna, mai ita yana tsaye ransa a ɓace. Launin tokar da ka gaji da shi yana ba ka damar yin kuskure ka gyara ba tare da asara ba.

Abu na farko da ya kamata ka fuskanta shi ne hanyar fetur, domin nan ne ganganci ke haifar da gobara. Tsohon injinka na kafireta yana shan fetur da ƙarfin da bai wuce psi huɗu zuwa bakwai ba, wannan kuwa yana buƙatar kusan ninki goma na haka. Duk wani tsohon tiyo na roba da ka bari a hanyar, da duk wani maɗauri da aka ɗaure shi sama-sama, zai iya fashewa ya watsa fetur a kan salansa mai zafi. Ka nemi tiyon da aka rubuta wa SAE 30R9 a jikinsa, wanda aka yi domin inji mai injekta. Wanda zai zauna a nutse a cikin tanki kuwa sai mai lamba 30R10, domin na waje yana kumbura ya ruɓe idan ya daɗe a cikin fetur. Injin 2001 yana mayar da rarar fetur zuwa tanki, saboda haka bututu biyu kake buƙata, na zuwa da na komawa.

Shi kansa tankin abin dubawa ne. A wannan ƙira, har zuwa 1972, tankin yana cikin ɗakin direba ne a bayan kujera. Ra'ayina shi ne ka fitar da shi, ka sa wanda aka ƙera domin ya zauna a ƙarƙashin akori tsakanin ƙarafan shasi, mai ɗauke da famfo a cikinsa da shingaye masu hana fetur guduwa gefe ɗaya. Kafireta tana da ɗan kwanonta da ke ajiye fetur, don haka ko tanki ya karkata a kwana ba ta jin ƙishi nan take. Injekta ba shi da wannan ajiya. Idan fetur ya yi ƙasa ka sha kwana, famfo zai zuƙi iska, inji ya shaƙe a tsakiyar kwanar, kuma famfon da ke yawan zuƙar iska ba ya daɗewa.

Na biyu shi ne birki, kuma ina roƙonka kada ka ɗage shi zuwa wani lokaci. Motarka ta fito da birkin ganga a ƙafa huɗu, domin sai a 1971 aka fara sa wa wannan ƙira birkin faifai a gaba. Injin da ka sauke an rubuta masa ƙarfin doki 155, wanda ka ɗora kuwa yana wajen 285, ga shi giyabos ɗin atomatik ba ya riƙe mota a gangara kamar yadda giyar hannu ke yi. Birkin ganga yana iya tsayar da kai sau ɗaya ko sau biyu, amma idan ya ɗauki zafi sai ka taka ka ji motar tana ci gaba da tafiya. Ka mayar da gaba birkin faifai, ka sa masta silinda da ta dace da shi tare da bawul ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ka kuma sauya dukkan bututun birki na ƙarfe da na roba, ko da a ido suna da kyau. Ka duba tayoyi ma: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi taya, kuma tayar da ta shekara goma a ajiye ta bushe ko da zanenta bai goge ba.

Na uku, wayarin. Mafi yawan larurorin da ake ɗora wa injin zamani a tsohuwar mota, idan aka bi diddigi, wayar at ce, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, ba ta kama ƙarfe da kyau ba. Ka ce ka fente shasi, to fenti ba ya wuce da wuta. Duk inda za ka ɗaure wayar at, ka kankare wurin sai ƙarfe ya fito fes, ka haɗa batir da inji, inji da shasi, inji da bodi, kowanne da waya mai kauri, kada kuma ka manta da ƙananan wayoyin at da ke ɗaure a bayan kan silinda, waɗanda kwamfuta da kwayil takwas suka dogara da su. Ka tabbatar wayar da ke ba kwamfuta wuta tana da wuta a lokacin da ake buga kik, domin a tsofaffin makullai akwai layin da ke ɗaukewa a daidai wannan lokaci. Sabon altanetan yana ba da amfiya 105, tsohon kuwa sau da yawa bai kai rabin haka ba, don haka siririyar wayar caji ta 1969 ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba, sai an sauya ta da mai kauri an sa mata fis kusa da batir. Sannan ka haɗa soket ɗin OBD-II, inda ake jona na'urar binciken inji, a ƙarƙashin dashbod tare da fitilar gargaɗin inji. Mutane da yawa suna yanke su wai don wayoyi su yi tsaf, alhali ta nan ne injin ke faɗa maka abin da ke damunsa.

Tun da injin ya daɗe a ajiye, ka sa masa agogon baƙin mai na gaskiya kafin ka bar shi ya yi dogon silo. Kamfanin ya ƙayyade mafi ƙarancin ƙarfin da za a yarda da shi idan inji ya yi zafi: psi 6 a juyi 1,000 a minti, psi 18 a juyi 2,000, psi 24 a juyi 4,000, kuma lafiyayyen inji yana wuce waɗannan nesa ba kusa ba. Idan ka sauya kaskon baƙin mai na ƙasa da gajere domin kada ya riƙa taɓa ƙasa, ka sani akwai wani ɗan zoben roba a bakin bututun da ke zuƙo mai, wanda idan ya tsage wajen ɗaurawa famfo zai riƙa haɗa mai da iska. Ƙaramin abu ne da ba ya cika tafin hannu, amma ya kashe injuna da yawa. Idan waɗannan duka suka kammala, ka fara da gajerun tafiye-tafiye, ka dawo ka leƙa ƙarƙashi da fitila, ka sake ɗaure duk notin da ya shafi ƙafa da sitiyari da mazaunin inji, sannan ka riƙa tsawaita tafiyar a hankali.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Tawa motar ta riga ta hau titi da irin wannan inji, amma abubuwa biyu sun hana ni sakewa. Idan na kai gudun kilomita 90 zuwa 100 sai in ji wata karkarwa tana tasowa daga ƙarƙashin kujera, wadda ba ta nan a da, kuma an yi wa tayoyi balansin har sau biyu. Sannan idan na tsaya a cunkoso allurar zafi tana hawa, da na samu hanya kuma sai ta sauko.

AMSA: Barka kadai. Karkarwar da ake ji a kujera maimakon a sitiyari, wadda kuma ta bayyana bayan sauya inji, kusan kullum daga farfela take, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul ɗin baya. Mahaɗan da ke bakinta biyu ba sa juyawa da gudu ɗaya idan suna karkace. A kowane zagaye suna ɗan ƙara sauri su ɗan rage. Hikimar ita ce karkatar mahaɗin gaba ta yi daidai da ta baya, domin abin da ɗaya ya ƙara ɗayan ya soke shi. Lokacin da aka ɗora sabon giyabos a kan sabon mazauni, wutsiyarsa ta ɗaga ko ta sunkuya fiye da ta tsohon, sai wannan daidaito ya rushe. Ka tsayar da motar a kan ƙafafunta a wuri shimfiɗaɗɗe marar gangara, ka auna karkatar inji da ta farfela da ta bakin aksul da ma'aunin kusurwa. Abin da ake nema shi ne layin inji da layin bakin aksul su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kusurwar kowane mahaɗi ta kasance tsakanin digiri ɗaya zuwa uku, bambancin da ke tsakaninsu kuma kada ya wuce digiri ɗaya. Ana gyarawa da siraran ƙarafa a ƙarƙashin mazaunin giyabos ko a mazaunin aksul. Idan an yanke farfelar an rage mata tsawo, wajibi ne a kai ta a yi mata balansin a kan na'ura, a kuma tabbatar kunnuwan mahaɗan biyu suna kan layi ɗaya.

Game da zafi, yadda ka kwatanta shi ya nuna lagireto yana iya aikinsa idan ya samu iska, iskar ce ba ta isa idan mota ta tsaya. Ka duba ko fankar tana da murfin da ke tilasta mata jan iska ta cikin dukkan faɗin lagireto, domin fanka tsirara tana jan iska ne daga gefe inda ya fi mata sauƙi. Ka duba kuma ko tana juyawa ta fuskar da ta dace, domin fankar lantarki da aka juya wa waya tana tura iska gaba, ta yi karo da wadda ke shigowa. Akwai wani abu na musamman ga injunan LS da ake yawan mantawa: a saman kawunan silinda akwai siririn bututun da ke fitar da tururi da iskar da ta maƙale. Wasu suna toshe shi domin ba su ga inda za su kai shi a tsohon lagireto ba. Dole ne a haɗa shi da saman lagireto ko da babban tiyon sama, in ba haka ba tururi zai taru a wurin da ya fi ko'ina zafi, allura ta riƙa hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba. Idan man giyabos yana bi ta cikin lagireto ne kaɗai, ka ƙara masa ƙaramin mai sanyaya na daban a gaba, musamman idan kana ɗaukar kaya, domin zafi ne babban abin da ke gajarta rayuwar 4L60E.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni har yanzu ban taɓa injin tawa ba, Ford F-100 ce ta 1966, kuma injinta na asali yana aiki ko da yake ya gaji. Abokaina suna cewa in sauya, yayana kuma yana cewa idan na sauya na kashe asalin motar. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Yayanka yana da gaskiya a wuri ɗaya: idan motar ta zo hannunka da injinta na asali, da lambobinta da takardunta a cike, ba a taɓa yanke mata komai ba, to irinta tana ƙara ƙaranci kowace shekara, kuma ni da kaina zan fi so a sauke injin a yi masa garambawul a mayar da shi. Injin da ya gaji ana sauya masa zobba da bearin a gyara masa bawul ya koma aiki shekaru masu yawa, kuma aikin bai kai rabin wahalar da ka karanta a sama ba.

Abokanka kuma suna da hujja idan niyyarka ita ce ka riƙa doguwar tafiya da ita kullum. Ɗauki misalin mota mai giyar aksul 3.73, wato farfela na juyi 3.73 kafin taya ta yi ɗaya, da taya mai tsayin inci 28: a gudun kilomita 100, tsohon giyabos da giyarsa ta ƙarshe ke juyi ɗaya da inji zai sa injin yana juyi kusan 2,800 a minti, alhali giyabos mai giyar sauƙaƙawa ta 0.70 zai sauko da shi ƙasa da 2,000. Wannan bambanci ana jin sa a kunne, ana kuma ganin sa a tanki. Sai dai ka lura cewa giyabos ne ya kawo shi, don haka kana iya samun babban rabo na wannan sauƙi ta hanyar sauya giyabos kaɗai ka bar injinka. Ka kuma sani cewa injin Ford na zamani mai lita 5.0 da ake kira Coyote, wanda ya fito a 2011, yana da faɗi ƙwarai a sama, kuma ƙafar gaba ta Twin I-Beam da Ford ta fara sa wa waɗannan motoci a 1965 tana takura wurin kaskon mai da salansa, har wasu sukan sauya ƙafar gaban ɗungurungum kafin ya zauna.

Kafin ka sayi komai, ka binciki dokar ƙasar da motar take, domin hukumomin rajista da kamfanonin inshora suna buƙatar a sanar da su sauyin inji, dokar hayaƙi kuma ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa shiga gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, waɗanda suka biyo bayansu kuwa suna shiga. Idan ka yanke shawarar sauyawa, ka zaɓi mazaunan inji da ake ɗaurewa da noti a ramukan da ke jikin shasi tun asali, ka guji yanka da walda inda za a iya guje musu. Tsohon injin kuma kada ka sayar da shi. Ka tsiyaye masa ruwa, ka zuba ɗan mai a kowace silinda ta ramin filogi, ka toshe bakin kafireta da na salansa, ka ajiye shi a busasshen wuri tare da giyabos ɗinsa da duk notin da ka kwance, kowanne a cikin leda da rubutun inda ya fito.